Maradi: Minti 15 ne tsakanin ƙaramin jirgi da sararin samaniyar Najeriya

Tun da sojoji suka rufe sararin samaniyar Nijar ranar 6 ga Agustan 2023, ɓatan hanya a sama ya zama batun tsaro. An sake buɗe shi ga jiragen kasuwanci ranar 4 ga Satumba, amma jiragen soja da na musamman sai da izini.

A Maradi lamarin ya fi tsauri. Iyakar Najeriya kimanin kilomita 50 ce daga birnin, tafiyar minti 15 ga jirgi mai gudun kilomita 200 a awa. Matuƙin da hazon hunturu ya ɓoye masa Jiratawa, in ya ci gaba da nausawa kudu, zai bar yankin da hukumar ASECNA ke kula da shi daga Yamai, ya faɗa na Kano ba sallama.

Kariya tun daga ƙasa take farawa: miƙa takardar tsarin tafiya, karanta sanarwar NOTAM ta ranar, da daidaita GPS da taswira. A sama kuma, ba a shiga yankin da ke ƙarƙashin kulawa sai an sami izini ta rediyo.

Matasa masu ɗaukar bikin aure da jirgi maras matuƙi a Maradi da Tibiri ma abin ya shafe su. Tambayar hukumar ANAC kafin tashi ta fi bayani bayan an kama na'ura.