Mun sa wa yaro hula, mun manta da jinsa

Ɗan yayata yana da shekara bakwai, kuma ba shi da hoto ko guda da babu hula a kansa. An haife shi da kunnen dama ɗan dunƙulen nama kamar ƙwayar gujiya, ba rami. Tun kafin suna wata gwaggo ta ce uwar ta tsallake wani abu a hanya, wata ta ce aikin iska ne. A asibitin da aka haife shi, abin da aka faɗa wa yayata bai wuce "ki gode Allah, ɗayan lafiya lau yake" ba. Ba wanda ya ce a je a gwada jinsa.

Bara mushensa na lakwal ya aiko cewa yaron yana da taurin kai, ana kiransa ba ya amsawa. Da na je ajin, sai na tarar an zaunar da shi kunnen mai lafiya yana fuskantar bango, yara kuma kusan tamanin suna surutu. Ni da na yi jami'a, sai ranar na fara neman sanin sunan abin da ke damunsa.

Likitoci na kiransa mikrotiya, idan kuma babu kunnen gaba ɗaya, anotiya. Yana faruwa ne a watanni ukun farko na ciki, lokacin da kunne ke haɗuwa, kuma galibi ba a gano dalili. Ciwon suga ga mai ciki da wasu magunguna na ƙara haɗarin, amma ba laifin uwa ba ne. A duniya ana samun kamar jariri ɗaya cikin dubu biyar zuwa dubu goma, ya fi yawa ga maza, ya fi kama gefen dama, kuma mafi yawanci kunne ɗaya ne.

Ga abin da ya kamata a ce an faɗa mana tun ranar farko: ga yawancin yaran nan, kunnen ciki lafiyarsa ƙalau. Hanyar da sauti zai bi ce a toshe. Akwai ƙaramar na'ura da ake ɗaura wa a kai da madauri mai laushi, tana aika sauti ta ƙashin kai kai tsaye zuwa kunnen ciki, kuma jariri ma na iya sa ta. Ga yaron da abin ya kama kunnuwansa biyu, wannan na'ura ce ke ba shi damar koyon magana a kan lokaci. Likita kan duba muƙamuƙi da ƙoda ma, domin wani lokaci matsalar tana tafe da su.

Gyaran siffar kunne yana iya jira. Ana sassaƙa sabon kunne da guringuntsin haƙarƙarin yaron kansa, aikin da wani likitan Amurka, Radford Tanzer, ya buɗe hanyarsa a 1959. Ana yin sa ne tsakanin shekara 6 zuwa 10, idan ƙirji ya yi girma, a tiyata biyu ko fiye. Akwai kuma kunnen roba. Shekarun farko na koyon magana kuwa idan sun wuce sun wuce. Mu dai mun juya abin: muna ta fama da idon mutane, mun bar jin.

Za a ce ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kashe yara ba ta da lokacin kunne. Na san nauyin wannan magana. Amma ƙasar nan ce ta nuna ana iyawa. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da yaran da ciwon noma ya ci wa fuska, a Yamai asibitin CURE yana ɗinke tsagaggen leɓe tun 2010. Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, a 2008 kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa. Yaron da ba ya ji sosai yana cikin waɗannan alkawura.

Abin da nake nema ba shi da tsadar gina sabon asibiti. Ungozoma a CSI ta duba kunnen kowane jariri, ta rubuta a katinsa, ta tura shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda muka fi sani da ORL. Manyan asibitocin Maradi, Damagaram da Tawa su kasance da kayan gwajin jin jarirai, don kada uwa ta sayar da akuyarta saboda kuɗin motar Yamai. Na'urar ji ta shiga cikin abin da ake bai wa yara kyauta. A tura matasan likitocinmu su koyo wannan tiyata.

Ku kuma 'yan uwa, idan akwai irin wannan yaro a gidanku, ku kai shi a gwada jinsa, ku roƙi mushe ya zaunar da shi gaba, kunnen mai lafiya yana kallon allo da malami. Ku daina kiransa "mai kunne ɗaya". Ranar 3 ga Maris ce ranar ji ta duniya. Mu tara sunayen unguwannin da ke da irin yaran nan kafin ta zo, mu kai wa hukumomin lafiya na jihohinmu. Ɗan yayata yana bencin gaba yanzu, kuma mushensa ya daina aiko ƙara.