Takarda ce ta ƙone, ba auren ba

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a Tafoki ya san yadda ake yi. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a faɗi sadaki lakadan ne ko ajalan, liman ya shafa fatiha, a raba goro da alewa, kowa ya kama gabansa. Mutum ɗari sun ji da kunnensu, amma ba wanda ya ɗauki biro. Aure ya ɗauru a wurin Allah, ya ɗauru a dokar Najeriya, kuma haka iyaye da kakanni suka yi ba abin da ya same su.

Sai ranar da mijin ya samu aiki a Jidda ko Riyad, ko wani asibiti a Ingila ya ɗauke shi, ya ce zai ɗauko iyalinsa. Abin farko da ofishin jakadanci zai nema shi ne takardar shaidar aure. Nan ake yin cirko-cirko. Wasu ba su taɓa mallakar ta ba. Wasu sun taɓa karɓa a kotu ko a hannun liman, amma tana cikin akwatin da ya ƙone ranar da ɓarayin daji suka shigo gari. Mu da muke tsakanin Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara ba sai an yi mana bayanin wannan ba. Duniya ta ji labarin ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, amma ba wanda ya ƙirga gidajen da aka cinna wa wuta a ƙauyuka, balle takardun da ke ciki. Wanda ya gudu Funtuwa da tsakar dare da yaro a kafaɗa ba ya tsayawa neman fayil.

A daidai wannan gaɓar ejan yake shigowa, kuma shi ne mutum na farko da muke ƙara. Magani biyu yake sayarwa, dukkansu guba.

Na farko sananne ne: a shiga shagon kwamfuta, a buga takarda mai kan sarki, a manna hatimin wata kotu, a mayar da kwanan wata baya shekara goma. "Kowa haka yake yi, Alhaji." To, ma'aikacin biza ya ga irin wannan takarda fiye da yadda ejan ya gani, kuma yana iya aikawa a duba ko lambar tana cikin littafin kotun. Dokar shige da fice ta Amurka ta ce wanda ya yi ƙarya da gangan don samun biza an rufe masa ƙofa har abada, sai in an yi masa afuwa ta musamman. A Ingila, yaudara na iya jawo haramcin shekara 10 a wasu nau'o'in biza. Abin takaicin shi ne auren gaskiya ne. Ga 'ya'ya huɗu, ga dangi, ga gari guda da ya shaida. An ɗauki gaskiya an sa mata rigar ƙarya, aka kama rigar, gaskiyar ta tafi da ita.

Magani na biyu ya fi haɗari, domin shi da kamar halal yake zuwa. Ejan zai ce: ku je ofishin rajistar aure na gwamnatin tarayya ku sake ɗaurawa, takardarsu ce Turawa suka sani. Ba zai gaya maka cewa wannan wani aure ne dabam ba, ƙarƙashin Dokar Aure ta 1914 da muka gada daga mulkin mallaka. Auren mace ɗaya ne tak. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 5 ga wanda ya yi shi alhali yana da wata matar ta auren gargajiya, haka ma wanda ya yi shi sannan ya ƙaro wata daga baya. Ba ya mutuwa da furucin saki, sai Babbar Kotu ta raba shi bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Ranar rabon gado ma yana iya buɗe ƙofar rigimar da ba wanda ya shirya mata. Magidanci mai mata biyu da ya sa hannu a wannan littafi ya jefa kansa cikin laifi, ya kuma bar ɗaya matar a wani matsayi da ba ta san an sa ta ba.

Ko da matar ɗaya ce, ku dubi abin da sabuwar takardar ke faɗi. An yi aure shekara goma sha biyu, takarda ta ce wata uku. Ma'aikacin biza zai ga auren da aka ɗaura dab da neman biza, irin wanda aka horar da shi ya yi zargi. Zai kuma ga takardun haihuwar yara da suka girmi auren iyayensu. Wane uba ne a Tafoki zai yarda a rubuta haka a kan 'ya'yansa in da an fassara masa?

Alhali akwai hanya, kuma ba ɓoyayya ba ce, kawai ba ta kawo wa ejan kuɗi ne. Ingila tana karɓar auren da ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi, kuma auren Musulunci ingantacce ne a Najeriya. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a shigo da mata ta biyu alhali ta farko tana can. Amurka ma ta rubuta ƙa'idarta a fili: in ainihin takarda babu ita, a kawo shaidar cewa babu, a kawo wasu takardun da ke nuna abin, in su ma babu sai a kawo rantsuwar mutum biyu ko fiye da suka san lamarin da idonsu. Wato abin da muka fi kowa arziki da shi, shaidu. Waliyyi yana raye, wakilin ango yana raye. Su je kotu su yi takardar rantsuwa, a rubuta ranar da aka ɗaura auren ta gaskiya da ranar da aka yi takardar ta gaskiya, ko da shekara goma ce tsakaninsu. In ƙonewa ta yi, a haɗa da rahoton 'yan sanda. A haɗa da takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya masu sunan uwa da uba, da katin gayyata in ya tsira, da shaidar kuɗin da mijin ke turowa gida. Mai nufin Saudiyya zai kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a buga hatimi, a fassara ta zuwa Larabci, ofishin jakadancinsu ya tabbatar. A kuma rubuta gajeren bayani a faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana. Wannan ba ya ba da tabbacin biza, ga shi tun Afrilun 2024 Ingila ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar mai ɗauko matarsa daga fam 18,600 zuwa 29,000 a shekara. Amma wanda aka hana saboda ƙarancin takarda yana iya sake nema, wanda aka kama da jabu kuwa ya shafa wa kansa baƙin fenti.

Sai dai in muka tsaya kan ejan mun yi wa sauran masu laifi sassauci. Ejan ramin da hukuma ta bari yake cikewa. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Dokar rajistar dole ta 1992 ta ce a yi wa auren gargajiya rajista a kotun yankin cikin kwana 60. Mutum nawa ne a cikinmu aka taɓa gaya wa haka? Ana bin mu har rumfar kasuwa a karɓi kuɗin tikiti, amma ba a taɓa bin mu wurin ɗaurin aure da littafi ba.

Malamanmu ma, da girmamawa, suna da nasu kason. Har yanzu akwai masu ganin rubuta aure al'adar Nasara ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana, kuma sadakin ajalan bashi ne a wuyan miji. A Masar ma'azun ne ke ɗaura aure ya shigar a littafin hukuma, a Maroko adulai ne ke rubutawa, ba wanda ya ce sun bar Musulunci. A nan kusa, Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an kawo takardar gwajin lafiya kafin a ɗaura aure. In liman zai iya duba takardar asibiti kafin fatiha, zai iya cike shafi ɗaya bayanta.

Kuma kada a ɗauka maganar masu hawa jirgi ce kawai, su ƙalilan ne a cikinmu. Matar da mijinta soja ko malamin makaranta ya rasu, ta je karɓar haƙƙinsa, ita ma wannan tambayar za a yi mata. Matar da miji ya tafi ci-rani ya yi shiru, daga baya ya musanta sadakin da ya rage, da me za ta tsaya gaban alƙali in shaidun sun watse, wani Funtuwa, wani Zariya, wani kabari? Mijin da aka hana ɗauko iyali yana can yana aikinsa, ita ce ke zaune a ɗakin surukai shekara biyu tana amsa tambayar yaushe za ku tafi.

Abin da muke nema bai kai kuɗin gyaran kwalbati ɗaya ba. Kowane masallacin Juma'a a Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara a ba shi littafi mai lamba da shafi uku: ɗaya na amarya a hannunta, ɗaya na liman, ɗaya ya tafi kotun shari'ar Musulunci mafi kusa a ƙarshen wata. A ɗauki hoton kowane shafi a adana a Katsina, tunda mun ga abin da wuta ke yi wa littafin da aka ajiye wuri ɗaya. Auren da aka riga aka ɗaura kuwa, alƙali ya ware rana ɗaya a mako ya saurari shaidu ya bayar da takarda mai kwanan wata na gaskiya, kuma a rubuta kuɗinta da manyan baƙi a jikin bangon kotun.