Jan Ƙafa Ba Tsanaki Ba Ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce jinkirin majalisa wajen tantance shugabannin hukumomin tsaro da bincike tsanaki ne. Ban yarda ba.

Ka tuna Ibrahim Magu. Sunansa ya isa Majalisar Dattawa a tsakiyar 2016 domin shugabancin EFCC, aka jingine shi sai 15 ga Disamba aka ƙi shi bisa rahoton DSS. Aka sake ƙin sa a Maris 2017, amma ya zauna a matsayin riƙo har Yulin 2020. Wa wannan ya amfana? Mai riƙon ƙwarya kullum kunnensa na wajen wanda zai iya tsige shi, ƙananan jami'ai kuwa sai su riƙa jiran wanda zai gaje shi.

Mu a Dutsin-Ma da Kurfi mun san kuɗin jira. Manomi yana barin gonarsa tun kafin la'asar don tsoron 'yan bindiga, mai shanu yana kwana da kunne ɗaya a buɗe. Ɓarawon daji ba ya jiran majalisa ta dawo hutu.

A tantance, mun yarda. Amma a yanka wa'adi: ko a amince, ko a ƙi, a kawo wani.