Yaran mun ƙirga su, malaman fa wa ya ƙirga su?

Duk shekara, da an shiga babban hutu, sai hotuna su cika mana Facebook: ƙungiya kaza ta buɗe sansanin karatun hutu, yara sanye da riguna iri ɗaya, allo cike da lissafi, ga babban baƙo yana jawabi. Mu danna alamar so, mu rubuta "Allah ya saka da alheri", mu wuce. Ni ma na sha yin haka. Amma tunda na yi kwana 21 ina shugabantar masu kula da yara a irin wannan sansani, in na ga hoton rana, abin da ke faɗo mini a rai shi ne dare. Wa ke farke? Wa ke riƙe da mabuɗi? Shi mai mabuɗin, wa ke duba shi?

Bayan na gama jami'a a Maraɗi, ina zaman jiran aiki kamar da yawa daga cikinku, wata ƙungiya ta nemi masu digiri su je wata kwaleji a yankin Gangara, can wajen Gazawa, kusa da iyakar Najeriya. Yara 60 aka tara daga ƙauyuka, waɗanda za su shiga ajin ƙarshe su fuskanci jarrabawar BEPC. Za a ƙara musu lissafi da Faransanci da kimiyya, su ci a nan, su kwana a nan. Mu takwas ne ma'aikata, ban da mai dafa abinci da maigadi. Ni aka ce in zama babba, ba don na fi kowa sani ba, don dai na girmi sauran da shekara biyu.

Ku da kuka tashi a Maraɗi ko Yamai, watan Agusta hutu ne a wurinku. A Gangara lokacin noma ne. Hatsi na gona, rumbu ya yi ƙasa, kowane hannu ana bukatarsa. Uban da ya bar yaronsa ya zo karatu a wannan wata ya yafe aikin mutum guda ke nan. Wanda ya bar ɗiyarsa kuwa, ya ɗauki abin da ya fi haka nauyi, domin yana da ƴan uwa da maƙwabta da ke jira su ce masa "ai mun gaya maka". Ranar buɗewa wani dattijo ya kawo ɗiyarsa a bayan babur, ya ja ni gefe, bai tambaye ni darasi ko ɗaya ba. Cewa ya yi: "Yaro, da dare wa ka kwana da su?" Na ce, "Baba, akwai malama." Ya ce, "Guda nawa?" Na ce ɗaya. Ya dube ni ya jima, sannan ya ce, "To, amana ta."

Malama ɗaya, ƴan mata 28. Wannan lissafin ban yi shi ba sai da ya tambaya.

An ba mu takardar dokoki shafi biyu, kuma duk dokokin na yara ne. Kada yaro ya fita bayan magariba, kada ya riƙe waya, kada namiji ya leƙa ɓangaren mata, kiran suna safe da dare. Mun bi su sau da ƙafa. Sau biyu a rana muna ƙirga yara kamar mai ƙirga awaki a bakin garke. Amma a shafi biyun nan babu layi ko ɗaya da ya ce ga abin da malami ba zai yi ba. Ba wanda ya tambaye mu inda muka taɓa aiki, ba wanda ya nemi shaidar wani a kanmu. Digiri ne kawai aka duba, sai ka ce takardar jami'a tana gyara hali.

A mako na biyu na lura ɗaya daga cikinmu, abokina ne tun shekarar farko a jami'a, yana tsayar da wata yarinya bayan sallar isha'i, wai yana ƙara mata lissafi. A cikin aji, su biyu, da tocila. Yarinyar tana da ƙoƙari ƙwarai, shi kuma gwanin koyarwa ne, sai na ce wa kaina ai alheri ne. Washegari na ga ya ba ta wayarsa ta kira gida. Rana ta uku ya sayo mata sabulu da man shafawa daga kasuwa. Ina gani, ina kawar da kai. Kwana huɗu na yi ina lallashin kaina, kuma wannan kwana huɗun laifina ne, ba na kowa ba. Inna mai dafa mana abinci ce ta katse mini hanzari. Tana kwashe tuwo, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce: "Mushe, kai ne babba nan ko? To ƴan matan sun fara yi da ita." Shi ke nan abin da ta ce.

Da na same shi, ya yi fushi iyakar fushi. Ya rantse bai taɓa ta ba, ya ce na mayar da shi ɗan iska, ya ce shekara nawa muna tare. Kuma ina ganin gaskiya ya faɗa, bai taɓa ta ba. To amma yarinya mai shekara 15, nesa da gida, ga wanda ke ba ta maki yana ba ta kyauta, ta ina za ta ce a'a ran da ya nemi wani abu? Ko bai nema ba ma, magana ta riga ta fita. Yaran nan ƙauye za su koma da ita. A ƙasar da, bisa ƙididdigar da UNICEF ke bayarwa, kusan ƴan mata uku cikin huɗu ake aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi yawa, raɗe-raɗi kaɗai ya isa a cire yarinya daga lakwal a ɗaura mata aure kafin kaka. Kuma abin ba zai tsaya kanta ba. Ƙannenta da ɗiyan maƙwabta duk za su biya bashin da ba su ci ba. Na kira masu ƙungiya, muka sallame shi da kuɗin mota. Cikin sauran malaman, uku sun daina yi mini magana har aka tashi.

Na san abin da wasunku za su ce, don an faɗa mini a ido: mutanen nan aikin sa kai suke, ba albashi, sun baro gari sun zo suna kwana bisa tabarma cikin sauro, sannan a bi su da zargi? Akwai gaskiya a ciki. Amma dokar da ta ce kada malami ya keɓe da ɗaliba, darasi ya kasance a fili da rana, kyauta ta bi ta hannun malama, waya ta sansani ce ake kira da ita gaban mutane, ba zargin kowa ba ce. Ni ma tana kaina. Da an rubuta ta an karanta mana ranar farko, da abokina bai kai inda ya kai ba, da ni ma ban yi kwana huɗu ina auna abota da amana ba. Da sai in ce masa, "Malam, ka san doka," a wuce wurin ba tare da an ɓata ba.

Kuma kula da ma'aikata bai tsaya ga tsare su ba. Malamar nan ɗaya tilo, mako uku ba ta yi barcin kirki ba. Ita ce mai raka yara bayan gida da tsakar dare, ita ce mai nemo audugar mata da ba wanda ya tuna ya sa a kasafi, ita ce mai rarrashin mai kukan gida, sannan da safe ta shiga aji ta koyar da Faransanci. Mutumin da aka gajiyar haka, dole wata rana ya nemi hanya mai sauƙi. Tata hanyar ita ce kwaɗo. Wani dare ina zagaye na tarar an kulle ɗakin ƴan mata ta waje, mabuɗi na aljihun maigadi, maigadi na barci a bakin ƙofar makaranta. Tagogin duk da ƙarfe. A ciki akwai maganin sauro na kunnawa, ga sange, ga katifu.

Jikina ya yi sanyi. Mu ƴan Maraɗi ba sai an ba mu labarin gobarar makaranta ba. A watan Nuwamban 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a cikin birnin, yara ƙanana sama da 20 suka rasu, da rana tsaka. A watan Mayun 2023 kuma, a garin Mahdia na ƙasar Gayana, can Kudancin Amurka, yara 20 suka mutu a gobarar ɗakin kwanan ƴan mata, ƙofofi a kulle, tagogi da ƙarfe. An kulle su ne don kada su fita yawon dare. Ita ma malamarmu da kyakkyawar niyya ta yi. Tana tsoron masu shigowa, kuma tsoronta na da dalili: a ƙetaren iyaka, a Ƙanƙara ta jihar Katsina, da dare aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana a Disamban 2020. Amma kwaɗon da ke hana ɓarawo shiga shi ne ke hana yaro fita. Daga ranar muka koma sakata ta ciki, muka roƙi Inna ta riƙa kwana tare da su, mu maza kuma muka raba dare gida biyu muna zagaye da tocila.

Zancen masassara ba zan ja shi ba. Agusta ne, kowa ya san sauro. Maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina na yara ƙanana ne, bai shafi ƴan kwaleji ba. Dare biyu muka ɗauki yaro a babur zuwa gidan likita cikin caɓi, da kuɗin man da muka haɗa daga aljihunmu, domin kasafin ya tanadi riguna da allon talla amma bai tanadi wannan ba.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta wuce sansani guda: tun Disamban 2017 ƙasar nan ke da dokar gwamnati kan kare ɗiya mace da tallafa mata a lokacin karatunta, kuma daga 2021 aka shiga gina wa ƴan mata gidajen kwana a kwalejojin karkara, irin na Kelle a jihar Damagaram. Tunanin daidai ne, domin nisan kwaleji da rashin amintaccen masauki na cikin abin da ke mayar da ƴan mata gida. Amma gini ba ya tsaron kowa. Duk wanda zai kwana da ɗiyan mutane, ko na wata tara ne ko na mako uku, sai an tace shi, an horar da shi, an biya shi, an ba shi hutu, an kuma ajiye wani wanda yarinya za ta iya kai ƙararsa gare shi ba tare da ta bi ta hannun abokinsa ba. A sansaninmu, wanda za ta kai wa ƙara ni ne. Ku duba fa.

Da yawanku da ke karanta wannan, ku ne za a kira baɗi, ko ku ne ma ke shirya irin wannan sansani. Kafin ku buga riguna, ku zauna ku rubuta shafin dokokin manya, ku fara da sunanku. In kuma tallafi aka nema wurinku, ku tambayi mata nawa ke kwana da ƴan mata, ƙofa ta ina ake rufe ta, wa ke da kuɗin mai in yaro ya kwanta da ƙarfe biyun dare. In mai shiri ya ji haushin tambayar, ku riƙe kuɗinku tukuna.

Ranar rufewa dattijon nan ya zo ɗaukar ɗiyarsa, ya yi mini godiya har na ji kunya, don bai san rabin abin da ya faru ba. Yarinyar da aka yi maganar a kanta ta koma lakwal da aka buɗe a Oktoba, na bincika. Abokina kuwa har yau ba ma gaisawa. Bana na ga hotonsa a shafin wata ƙungiya, a wani sansanin, tsaye gaban allo da riga irin ta yaran. Ba wanda ya kira ni ya tambaye ni komai a kansa, ni ma har yanzu ban kira su ba.