Ɗalibin Gombe da ke buga ƙwallon kwando: a biya shi da me?

Tun Yulin 2021 hukumar NCAA ta Amurka ta ba ɗalibai 'yan wasa damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu, kuma a 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa ba su kaso kai-tsaye. Can dai akwai abin rabawa, domin gidajen talabijin na zuba biliyoyin daloli a gasar.

A Gombe, garin Gombe Bulls, lamarin ya bambanta. Ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe da zai je gasar NUGA ba ya tara wa kowa dukiya, don haka batun albashi bai taso ba. Amma gwiwar da ya targaɗa tasa ce, haka ma darasin da ya wuce shi yana atisaye. Abin da ya cancanta shi ne a ɗauke masa kuɗin makaranta, a yi masa inshorar lafiya, a sake tsara masa jarrabawar da ta ci karo da gasa.

Masu rubuta wa Hukumar Wasanni ta Ƙasa da NUC takardun shawara a Abuja na iya sanya waɗannan ukun cikin sharuɗɗan shiga NUGA.