Addu'a da Gadi: Begen Kirista a Kwanakin Tsoro

Na gode wa kwamitin wannan mujalla ta ƙarshen shekara da suka ba ni fili. Abin da nake so mu duba tare shi ne tambayar da ke zuciyar kowane uba da kowace uwa a ƙasar Yawuri: tun da mun ba da gaskiya cewa Allah ne mai kiyaye mu, wane irin zama ya kamata mu yi a lokacin da 'yan bindiga ke yawo a dazuzzukan da ke kewaye da mu?

Da fari dai, tsoron da ke damun mutane yana da dalili. Ranar Alhamis 17 ga Yuni, 2021, da rana tsaka, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, a nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Ngaski. Suka kashe ɗan sanda, suka kora ɗalibai da malamai zuwa daji. An riƙa sakin yaran kashi-kashi, amma 'yan mata 11 sun ci gaba da zama a hannunsu har 2023, kusan shekara 2 ke nan. A ranar 17 ga Nuwamba, 2025, aka sace 'yan mata 25 a sakandaren Maga da ke Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Bayan kwana 4 kacal aka auka wa makarantar Katolika ta Papiri a Agwara, can ƙetaren ruwa cikin Jihar Neja, aka tafi da yara sama da 200 tare da malamansu. Mun gode wa Allah da 'yan matan Maga da yaran Papiri suka koma gida kafin Kirsimeti. Duk da haka, wanda ya ce wa uwa kada ta damu bai san zafin haihuwa ba.

Na lura da hanyoyi biyu da 'yan'uwa ke bi a wannan hali, kuma a ganina dukansu sun kauce.

Hanya ta farko ita ce ta wanda tsoro ya zama masa ubangiji. Shi ne mai cire 'yarsa daga aji uku ya aurar da ita, wai gara ta zauna a ɗakin miji. Shi ne wanda in babur ya wuce da dare sai ya ta da unguwa duka. Wani ma yakan zo sujada ranar Lahadi da Littafi Mai Tsarki a hannu, alhali a ƙugunsa akwai guru da layar da ya saya wurin boka, wai maganin bindiga. Mutumin nan ba a sace shi ba, amma ya riga ya zama fursuna a cikin gidansa.

Hanya ta biyu ita ce ta mai ganganci da sunan bangaskiya. Za ka ji ya ce, "Ni ɗan Allah ne, ba abin da zai same ni." Sai ya hau babur bayan faɗuwar rana ya kama hanyar da kowa ya san ba a bin ta. In an gargaɗe shi sai ya ce mai gargaɗin ba shi da Ruhu. Wannan ma laya ce, sai dai an ɗinka ta da ayoyi. Mu tuna, da Shaiɗan ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali, da aya ya nemi ruɗinsa don ya yi tsalle, amma Ubangiji ya ƙi, domin gwada Allah zunubi ne.

To, mece ce hanyar da Maganar Allah ta nuna? Mu buɗe Nehemiya sura 4. Da magabta suka ƙulla shirin kai wa masu gina garun Urushalima hari, Nehemiya da jama'arsa suka yi addu'a, suka kuma sa masu gadi dare da rana. Rabin mutanensa na aiki, rabi na tsaro, mai busa ƙaho kuwa yana tsaye kusa da shi don a ji labari da wuri. Garun bai tsaya ba, an gama shi cikin kwana 52. Yusufu ma, da aka gargaɗe shi game da Hirudus, ya tashi cikin dare ya kai Jariri Yesu da Maryamu ƙasar Masar. Manzo Bulus kuwa cikin kwando aka zurara shi ta bayan garun Dimashƙu. Ba wanda zai ce waɗannan bayin Allah ba su da bangaskiya.

Ku ɗalibai, ina so ku karanta Ayyukan Manzanni sura 23 da kyau, gama labarinku ne. Ubangiji ya riga ya tabbatar wa Bulus cewa zai yi shaida a Roma. Da gari ya waye, mutum sama da 40 suka yi rantsuwa za su kashe shi. Wa ya tona asirinsu? Wani saurayi ne, ɗan 'yar'uwar Bulus, wanda ya ji maganar ya kai. Bulus bai ce, "Ai ina da alkawari, ƙyale su" ba. Ya sa aka kai yaron wurin shugaban sojoji, aka fitar da shi cikin dare da rakiyar mutum 470. Ashe ta kunnen yaro da ƙafarsa Allah ya cika alkawarin da ya yi.

Na san wani zai tambaye ni, "Malam, iyayen yaran Birnin Yawuri ba su yi addu'a ba ne? Me ya sa 'yar wani ta dawo cikin wata huɗu, ta wani sai bayan shekara biyu?" Wannan tambaya ce mai nauyi, kada mu amsa ta da garaje. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya sa aka kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Sura ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu da Yesu yake ƙauna. Littafi bai ce Yakubu ya kasa Bitrus bangaskiya ba. Saboda haka kuskure ne babba mu sa wa wanda bala'i ya samu laifi, mu ce don bai iya addu'a ba ne. Allah bai yi mana alkawari cewa wahala ba za ta taɓa mu ba. Alkawarinsa shi ne ba zai rabu da mu a cikinta ba, kuma tun da Kristi ya tashi daga matattu, mai bindiga ba shi ne zai yanke mana hukunci na ƙarshe ba. Begenmu ke nan. Mai irin wannan bege shi ne zai iya yin tunani da natsuwa a ranar da kowa ya ruɗe, domin ya riga ya san a hannun wa ransa yake.

Yanzu bari in kawo shawarwari, gama rigakafi ya fi magani.

Na ɗaya, ga ɗalibai. Kada wani ya tsallake shingen makaranta ya shiga gari ba tare da izini ba. Ranar da aka kira suna aka rasa mutum ɗaya, malamai ba za su san ko yawo ya tafi ko wani abu ya same shi ba. In baƙo ya tsare ka yana tambayar yawan 'yan kwana, ko inda ɗakin 'yan mata yake, ko lokacin da maigadi ke sauka, kada ka ba shi amsa, ka je ka gaya wa malamin da ke bakin aiki nan take. In lokacin hutu ya zo, ku yi sammako, ku hau mota a tasha, ku sanar da gida kafin ku tashi. Masu bin ruwa su guji jirgin da aka cika fiye da kima da tafiyar dare. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka salwanta.

Na biyu, mu kama bakinmu. Labarin da ba ka tabbatar ba kada ka tura shi ta waya. Ji-ta-ji-ta tana sa tsofaffi da masu ciki su kwana a jeji a banza, kuma in ta yi yawa, ranar da gaskiya ta zo ba mai motsawa. Haka nan kada yaro ya yi ta bayyana a kasuwa cewa babansa ya sayar da shanu ko buhunan shinkafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, ga samarinmu masu zafin jini. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe sama da 60, manyan maza da suka san daji. Aikin ɗalibi shi ne ya buɗe ido, ya kai rahoto, ya koma kan littafinsa. Ramuwa kuwa an hana mu, ta Ubangiji ce.

Na huɗu, kada mu bar tsoro ya raba mu da maƙwabta. 'Yan matan Maga yawancinsu Musulmi ne, yaran Papiri kuwa 'yan makarantar mishan ne, amma kukan iyayensu iri ɗaya ne. Bafulatanin da aka kore masa garke shi ma kuka yake yi. Kambari, Gungawa, Shangawa, Dukkawa, Hausawa da Fulani sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya a Yelwa da Wara. Maƙwabcin da ka ɗauka abokin gaba ba zai buga maka ƙofa da dare ya ce ka tashi ga abin da ke tafe ba. Ya kamata fasto da liman da mai unguwa kowa ya riƙe lambar wayar ɗan'uwansa.

Na biyar, ga dattawan ikkilisiya da ƙungiyar iyaye da malamai. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a 2014, Nijeriya ta shiga yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare makarantu a 2015. Tunatar da hukuma wannan alkawari cikin ladabi haƙƙinmu ne. Mu ma a gida mu duba namu: shinge, fitilu, ƙararrawa, da wurin da yara za su nufa in ta ɓaci. Zumuntar Mata kuma kada su gaji da ziyarar gidajen da abin ya taɓa, domin wanda ya dawo daga daji yana bukatar mai saurarensa har bayan an daina zuwa barka.

Abu na ƙarshe, ga iyaye. Lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki da kaburburan kakanni, aka sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni. Iyayenmu sun yi kuka, sa'an nan suka sari sababbin gonaki, suka sa 'ya'yansu a makaranta. Da yawa cikin malaman da ke koyarwa yau jikokinsu ne. In makaranta ta zama da haɗari na wani lokaci, a canza wa yarinya wata, ko ta koma jeka-ka-dawo, amma kada a rufe mata littafi. Duk yarinyar da aka cire daga aji saboda tsoro, 'yan bindiga sun sace ta ba tare da sun harba ko harsashi ɗaya ba.

Ku 'yan aji shida da ke barinmu bana, ku tafi da abu biyu kamar mutanen Nehemiya: gwiwa a ƙasa, ido a buɗe. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya ta'azantar da waɗanda har yanzu ke jiran nasu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.