Mena da masoyanta: a wane gari za mu karɓi baƙinmu?

Duk wanda ya zauna a fada a nan Matameye bayan sallar isha'i, ko ya leƙa gidajen kallo na garin, ya san ba a raba mu da zancen ƙwallo. Tun ba a sauke shayin farko ba ake soma lissafi: wa zai buga gaba, wa zai tsare gida, wace ƙasa za mu kayar, wace ce za ta kayar da mu. Tun da aka sa ido kan Kofin Afirka na 2027, wanda Kenya da Uganda da Tanzaniya za su karɓa, kowa ya zama mai horarwa, kowa ya zama ɗan duba. Samari sun riga sun kai Mena can da bakinsu, wasu ma har sun tsallakar da ita zagaye na biyu. Ban ga laifinsu ba, don ni ma da wannan fata nake kwana. Sai dai akwai tambaya guda da ban cika jin ana yi ba a cikin wannan hayaniya, alhali kuwa ita ce uwar sauran: idan ranar wasan gida ta zo, a wane gari Mena za ta karɓi baƙinta?

Kafin a ce na zo da baƙar magana, bari mu waiwayi baya. Sau biyu kacal Mena ta taɓa zuwa wannan gasa, a 2012 da 2013, kuma yadda aka yi zuwan farko ya isa a koya wa yara a lakwal. Rukuninmu ya haɗa da Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, da Afirka ta Kudu, wadda ba ta daɗe da sallamar baƙin Kofin Duniya ba, sai kuma Saliyo. Babu wanda ya sa mu cikin lissafi, har mu kanmu. A Oktoban 2010 Masar ta zo Yamai, Musa Ma'azu ya zura mata guda, ta koma da ita. A Maris na 2011 Saliyo ta sha 3 da 1. A Satumba Afirka ta Kudu ta sha 2 da 1. Maki tara ke nan. To, a waje fa? Wasa uku, kaye uku, ko ƙwallo ɗaya ba mu jefa a ragar kowa ba.

Ranar 8 ga Oktoba 2011 Masar ta ci mu 3 da nema. A daidai wannan lokaci ƴan wasan Afirka ta Kudu suna ta rawa a filinsu na Nelspruit, bayan sun tashi canjaras da Saliyo, suna zaton yawan ƙwallaye ya fisshe su. Ashe ba su karanta dokar gasar ba: idan maki ya zo daidai, sakamakon karawar da ƙungiyoyin suka yi a tsakaninsu ake fara dubawa. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Duniya ta yi dariya, aka ce Nijar ta taki sa'a. Ni dai ban ƙi a ambaci sa'a ba, amma maki taran nan ba a tsince su a hanya ba. A filin Janar Seyni Kunce aka same su, a cikin ranar Yamai, a gaban mutane dubbai masu ganguna da kalangai. Shekarar da ta biyo ma haka aka yi: Gini ta ci mu ɗaya a Konakiri, muka rama mata biyu a Yamai a Oktoban 2012, muka wuce.

Ina cikin waɗanda suka shiga mota daga nan don ganin wasan Afirka ta Kudu. Tafiya ce ta fiye da kilomita 800, ta Takieta da Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutse da Doso. A kujerar da ke kusa da ni akwai wani dattijo mai sayar da rake, wanda ya ce mini bai taɓa zuwa Yamai ba sai ranar nan, kuma bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba in ban da Ma'azu. Da aka tashi wasa na ga ya rungume wani Bazabarme da bai taɓa gani ba, ba mai jin maganar wani, suna ta tsalle. Ban san wani taron siyasa da ya taɓa yin wannan aiki ba a ƙasar nan.

Abin da ya faru a can wurin gasar kuwa ba shi da daɗin tunawa. Gab da tafiyar 2012 an ɗora dala biyu a kan kowane minti na kiran wayar salula har tsawon wata guda don a yi wa Mena guzuri, wato har mai tallan ƙosai ta ba da nata. Haruna Dula, wanda ya kai mu, wanda hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta zaɓa gwarzon mai horarwa na 2011, wasa ɗaya ya faɗi a hannun Gabon aka tura shi gefe, aka miƙa ragamar ga Rolland Courbis, Bafaranshen da aka kawo da sunan mai ba da shawara. Shi ma bai tsinana komai ba: Tunisiya ta ci mu, Maroko ta ci mu. A 2013, a hannun Gernot Rohr, muka samu canjaras da Kwango ta Kinshasa. Wasa shida a gasa biyu, ƙwallo ɗaya, maki ɗaya. Tun daga nan ba mu sake leƙawa ba.

Sannan sai gidan ma ya kuɓuce. Filin Seyni Kunce, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 1989, wanda ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, ya tsufa. CAF ta tsaurara sharuɗɗanta game da ciyawa da fitilu da kujeru da ɗakunan ƴan wasa, filinmu ya kasa cika su. Ga inda Mena ta riƙa karɓar baƙinta, mai karatu ya ƙirga da yatsunsa: Kwatano a 2022, Tunis da Marrakesh a 2023, Berkane da Lome a 2024. Mafi ban takaici shi ne na Maris 2025, lokacin da Nijar ta “karɓi baƙuncin” Maroko a garin Ujda, a cikin ƙasar Maroko, a gaban ƴan kallon Maroko. Mu muka fara ci, suka farke, suka ƙara a mintin ƙarshe. Wai mu ne masu gida! Kuma kada wani ya ce laifin gwamnati guda ne. An soma wannan yawo a zamanin farar hula, aka ci gaba da shi a zamanin masu kaki. Ministocin wasanni sun zo sun wuce, kowane da ziyararsa ta gani da ido da alkawarinsa a gaban talabijin.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba magana ce ta banza ba. Za a ce ai a wajen ma yaran sun yi rawar gani. Gaskiya ne. A hannun Badu Zaki ɗan Maroko, Mena ta lallasa Sudan 4 da nema a Nuwamban 2024, bayan kwana kaɗan ta bi Ghana har Akara ta ci ta 2 da 1. A share fagen Kofin Duniya na 2026 ta zo ta biyu a bayan Maroko da maki 15, ta ci Tanzaniya da Zambiya a gidajensu, ko da yake uku daga cikin makin a kan tebur aka ba mu, saboda Kwango ta Barazabil, wadda ita ma rigimar fili ta ci, ba ta fito wasan Yunin 2024 ba. A lissafin waɗanda suka zo na biyu, makinmu ɗaya da Kamaru da Najeriya da Burkina Faso, yawan ƙwallaye ne ya raba mu. Ƴan wasan gida ma, a hannun Haruna Dula ɗin nan da aka taɓa turawa gefe, sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN da aka buga a Aljeriya a farkon 2023, bayan sun kayar da Kamaru da Ghana. Wanda ya ce Mena ba ƙungiya ba ce, bai kalli ƙwallo ba.

Amma wannan hujja tawa ce, ba ta masu kawo ta ba. A share fagen Kofin Afirka na 2025 mun ƙare da maki 7, Sudan tana da 8. Maki ɗaya tak ya hana mu, kuma da mun same shi, dokar nan da ta kunyata Afirka ta Kudu ita za ta sake fisshe mu, tunda mun fi Sudan a karawarmu da ita. A ina aka zubar da makin? Canjaras da Ghana da kaye a hannun Angola, duka biyu a wasannin da ake kira na gida, a filayen aro, a gaban kujeru. Ba na cewa da a Yamai ne lalle sai mun ci, gaibu na Allah ne. Ina cewa ƙungiyar da ta taɓa tara maki tara cikin tara a gidanta an raba ta da makaminta mafi kaifi, sannan aka ce ta je ta yi farauta. Sudan ma ba a gida ta buga ba, ta kuma wuce; amma Sudan yaƙi ne ya kore ta daga Khartum. Mu mene ne ya kore mu?

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a teburin maki. Yaron da aka haifa a Matameye a shekarar da muka je Gabon ya zama saurayi, kuma da wuya a ce ya taɓa ganin rigar Mena a jikin ɗan wasa ido da ido. Kano ba ta kai kilomita 200 daga nan ba, Daura kuwa da an wuce Ɗan Barto an kusa. Rediyon da yake ji, fim ɗin da yake kallo, rigar da ake kawowa kasuwa, duk daga kudu suke zuwa. In ka gan shi da koriyar rigar Super Eagles kada ka tuhume shi da rashin kishin ƙasa. Dangi ne, kuma ni ma na ji zafi ranar da Kwango ta fitar da Najeriya da bugun fenareti a Rabat a Nuwamban 2025. Sai dai ƙauna tana son gani. Yamai da nisa, amma talaka yana iya tara kuɗin mota. Marrakesh kuwa sai mai fasfo da kuɗin jirgi, wato jami'an da ke rakiya.

Abin mamaki, muna da misalin yadda ake yi a cikin gidanmu. Tun 1975 ake gasar kokowa ta ƙasa, kowace shekara a wata jiha, kowace jiha da ƴan kokowarta goma da aka tace tun daga ƙauye. Damagaram tana da fagenta mai sunan Langa-Langa. In takobi ya zo gari, kasuwa takan tsaya, kuma babu wanda ke buƙatar a yi masa wa'azin kishin ƙasa kafin ya je. Ƙwallo fa? Jangwarzo ta Maraɗi ta zama zakaran ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984. A shekarun baya-bayan nan kuwa kambun yana yawo ne a tsakanin ƙungiyoyin Yamai, akasarinsu na soja da jandarma da ƴan sanda da duwan da kamfanonin gwamnati, domin su ne ke iya biyan albashi a ƙarshen wata. Yaran da ke buga tamaula ba takalmi a filayen makarantun Matameye da Kance, wa ke zuwa ya dube su? Wanda ya yi fice a cikinsu, in bai samu ɗan'uwa a babban birni ba, sai dai ya ƙare a kan kabu-kabu. Ita kanta menar dajin da aka ara wa ƙungiyar sunanta, wasu daga cikin ƴan kaɗan da suka rage a duwatsun Termit na jiharmu suke, ba mai kai musu ziyara sai masu bincike.

A Oktoban 2025 Kap Bar, tsibiran da mutanensu ba su kai dubu 600 ba, ta samu shiga Kofin Duniya. Na yarda tana da ƴaƴa da yawa da aka haifa a Turai, abin da mu ba mu da shi kamar ita. Amma a filinta na Praia ta kayar da Kamaru, a nan kuma ta kammala aikin a gaban mutanenta. Filin nan ko rabin na Seyni Kunce bai kai ba wajen ɗaukar jama'a. An kula da shi ne kawai.

Saboda haka ga abin da nake gani game da 2027. Ƙasashe 24 ke zuwa gasar, kuma Mena ta nuna a 2024 da 2025 cewa ba ta fi ƙarfin shiga cikinsu ba. Fatan zuwa fata ne mai tushe; zancen ɗauko kofi kuwa a bar wa masu shayi na uku. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ban yarda a sake jiran sai an ci nasara sannan a tuna da talaka a zo neman gudummawarsa ba. Wanda aka cire wa dala biyu a minti yana da haƙƙin tambaya. Kanal Jibrila Hima Hamidu, shugaban hukumar FENIFOOT na wancan lokaci, an zaɓe shi cikin majalisar FIFA a Maris 2025. Babu wanda ya fi shi sanin abin da masu binciken filaye ke nema. Ma'aikatar wasanni ta san abin da aka kashe wajen hayar filaye da jirage da masauki a ƙasashen mutane tun 2022. A buga mana wannan lissafi a jarida, a ajiye shi kusa da na gyaran fili, kowa ya gani. A gaya mana kuma matsayin filin Maraɗi, wanda ya karɓi wasannin Kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019, domin ba dole ne kullum gida ya zama Yamai ba. Daga Matameye, wanda ya fita bayan sallar asuba zai isa Maraɗi kafin azahar.